Ranar da Baffa Ya Cire Laktayi

A duk faɗin Gwarzo, a iya sanina, mutum ɗaya ne yake ɗaura guntun laktayin nan da ake ƙullewa a maƙogwaro ya yi fiffike biyu kamar malam-buɗe-littafi, kuma mutumin nan Baffana ne, wan mahaifina. Shi ya riƙe mu, ni da Yayana, bayan mahaifinmu ya rasu, mahaifiyarmu kuma ta sake aure can nesa. Ko makaranta ban shiga ba a lokacin. Allah bai ba su haihuwa ba shi da matarsa, wadda muke ce wa Inna, don haka mu ne 'ya'yan gidan. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, saboda haka bai taɓa kama sunana ba. Uwata yake ce min, ko da faɗa zai yi.

Malamin asibiti ne. Ya yi aiki a ɗakin shan magani na Garo, daga baya aka mai da shi Durun, kullum kan keke yake zuwa ya dawo. Na taɓa tambayarsa me ya sa ba ya sa dogon laktayi irin na ma'aikatan banki. Ya ce in tashi in ɗauko tasa da ruwa. Na ɗauko, ya rataya ɗankwalin Inna a wuya, ya sunkuya kan tasar, sai ga bakin ɗankwalin tsamo-tsamo cikin ruwa.

"To kin gani, Uwata? Da gyambon mutum ne wannan, ko kurkunu nake naɗewa a tsinke, sai in shafa wa mutum na gaba. Mai aikin sunkuyo guntu yake ɗaurawa. Haka aka koya mana."

Da hannu yake ƙulla shi, ba madubi, yana magana yana ƙullawa. Mai roba, wanda ake maƙalawa kawai, ba ya ko son ganinsa; ya ce wannan na masu kai abinci a otal ne. Ranar Sallah yakan ɗora babbar riga a kan taguwarsa ta aiki, ya kafa hula, laktayin kuma ya leƙo ta wuyan rigar. Duk wanda ya gan shi daga nesa sai ya danne dariya, in ya matso kuma ya durƙusa ya gaishe shi, don da wuya ka sami gidan da Baffa bai taɓa yi wa wani allura a cikinsa ba.

Sai aka shiga shekarun tsuke bakin aljihu. Ni abin da na fara gani shi ne sabulu ya ɓace daga gidanmu, Inna ta koma wanki da na gargajiya, shayin safe ya zama koko babu sukari. Baffa yana dawowa daga Durun da fuska a murtuke, ya ce babu komai a kabad sai aidin da auduga. Mata suna goyo 'ya'yansu daga ƙauyuka, jiki zafi rau, shi kuma abin da zai iya kawai ya faɗa musu sunan maganin da ba su da halin saye. Ana haka aka kira su sakatariya, shi da wasu tsofaffin ma'aikata, aka ce gwamnati ta gode, su je gida su huta. Bai kai hutawa ba. Ƙarfinsa bai ƙare ba, gemunsa ma bai gama fari ba.

Washegari na zaci zai kwanta. Na tashi na same shi ya hura gawayi a dutsen guga yana goge taguwa. Ya sa, ya ƙulla laktayinsa, ya ɗauki jakarsa ya zauna a zaure. Inna ta leƙo ta ce, "Malam, ina kuma za ka?"

"Babu inda za ni."

"To wannan shirin fa?"

"Ranar da na fita babu shi, ranar na yarda sun kore ni," in ji shi.

Haka zauren nan ya zama asibitin unguwa. Yana dafa allura a kan risho, yana wanke gyambo, yana ɗaure wa yara targaɗe. Wani ya kawo kwanon gero, wani ya kawo godiya zalla. Laktayoyin da ya saya tun yana samari suka yi ta cinyewa ta wurin ƙulli, ɗaya bayan ɗaya. Da na ƙarshe ya mutu, Inna ta yanko gefen tsohon zaninta ta ɗinka masa da hannu. Daga nan duk zanin da ya tsufa a gidanmu, wuyan Baffa ne makomarsa. Akwai wani mai zanen kifi da na tsana ƙwarai, don duk unguwa an san zanin Inna ne, an sha ganinta da shi a bakin rijiya.

Ni dariyar mutane ba ta dame ni ba, bakina ya ishe ni kare kaina. Yarinyar da ta ce min Baffana ya ɗaura kunnen akuya, sai da aka raba mu, ɗankwalinta a hannuna. Yaya ne abin ya ci. Shi mai shiru ne, mai haɗiye magana. In Baffa ya je makarantarsu sai Yaya ya ɓuya a bayan aji. Na sha ganinsa ya canza hanya don kada abokansa su gan su tare. Na faɗi wannan ne don a yi masa adalci: abin da ya yi daga baya ba rana ɗaya ya tsiro ba. Da ya girma ya tafi birni, ya kama zama a shagon yadi, yana zuwa karatu wurin wani malami bayan an tashi kasuwa.

Ni kuma na gama makarantar horon malamai, na fara koyarwa a firamare. A nan na haɗu da wanda na aura, malami ne shi ma, ɗan Kabo. Babu wanda ya haɗa mu, mu muka ga juna. Mahaifinsa, Alhaji, babban ɗan kasuwar hatsi ne, mai faɗa a ji a masallacinsu. Da manyansa suka zo neman aure, wurin Baffa suka zo, kamar yadda aka saba. A wurinmu baffa ne yake ba da aure, ko da uba yana raye, balle ni da ban san wani uba ba sai shi. Kuma a ƙofar gidan wanda zai bayar ake ɗaurawa. Tun ina yarinya Baffa yake nuna min filin ƙofar gidanmu yana cewa, nan zan zauna in ba da ke, in kuma mutumin bai yi min ba in kore shi da buta.

Shekarar da aka sa ranata ita ce shekarar da ake ta murnar dawowar Shari'a. Ni ma na yi murna, kada wani ya ji labarina ya ɗauka wani abu daban. Mun gaji da zalunci, mun gaji da asibiti babu magani, muna ganin ga gyara ya zo. Amma a kowane gari akwai mutanen da in aka ce gyara, idonsu ba ya zuwa kan mai tauye mudu, sai kan wuyan tsoho. Wasu samari a masallacin unguwarmu suka fara cewa laktayi gicciye ne aka ɓad da kamanninsa, na Baffa ma ya fi muni don ga hannuwansa nan biyu a buɗe. Waɗansunsu da hannunsa ya yi musu kaciya. Ya shiga sahun farko kamar kullum, sai na kusa da shi ya ja baya. Aka kai maganar wurin tsohon limaminmu, ya ce shi dai a karatunsa bai ga inda aka haramta ƙyalle ba. Amma a hankali ya faɗa, a zaurensa, ba a gaban jama'a ba. Shi ma tsoron yaran yake ji.

Ana saura kwanaki kaɗan biki Yaya ya zo daga birni. Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, suna zaure, ina jin komai. Ya gaishe da Baffa, ya tambayi jiki, ya tambayi Inna, ya tambayi damina, ya yi ta kewaye-kewaye har na ƙosa.

"Baffa, dama Alhaji ne ya aiko ni."

"Madalla. Lafiya dai?"

"Lafiya lau. Cewa ya yi zai zo da malamansa da manyan baƙi. To yana roƙon arziki, ranar ɗaurin auren, a taimaka a ajiye wannan abin na wuya."

Sai na ji muryar Baffa.

"Shi ya ce, ko kai ka ce?"

"Shi ya ce, Baffa. Amma ni ma ina ganin hakan ya fi. Zamani ya canza. Mutane suna magana."

"Da shi a wuyana na ɗauko ka daga makabarta ranar da aka binne ubanka. A ranar ba ka ce in cire ba."

"Ka yi haƙuri, Baffa."

"Tashi ka shiga ka gai da uwarka."

Yaya ya shigo, na watsa masa kallo, ya kau da kai. Bai kwana ba ya wuce Kabo.

Da yamma na kai wa Baffa ruwan alwala, na tsuguna na ce, "Baffa, in a kan wannan ne, a fasa. Wallahi a fasa. Ba shi kaɗai ne namiji ba." Da gaske nake, ko da yake ina faɗa zuciyata tana yi min ciwo, don ina son mutumin. Baffa ya dube ni ya ce, "Uwata, ke fa ba ki iya ƙarya ba. Jeki, wannan maganar maza ce." Ya ci gaba da alwalarsa.

Daga nan babu wanda ya sake tayar da zancen. Abin da ya kashe mu ke nan. Baffa ba zai aika wa ɗan da ya raina cewa na ji, na sauko ba. Girma ba zai bar shi ba. Yaya kuma ba zai sake tunkararsa ba, an riga an ce masa ya tashi. Inna tana ganin in ta sa baki ta ƙara zuga wuta. Kowa ya yi shiru yana jin kunyar kowa, ana ta daka, ana ta soya, ni kuma aka sa ni a lalle.

Ranar Asabar da sassafe na ji ƙarar tsintsiya a waje. Baffa ne da kansa yake sharar ƙofar gida. Ya yayyafa ruwa, ya sa aka fito da tabarmin da ya aro daga masallaci da maƙwabta aka shimfiɗa har bakin hanya. Ya ajiye ƙwaryar goro da dabino a lulluɓe da farin ƙyalle. Sannan ya shigo ya yi wanka.

Ina ɗakin Inna, ƙawayena sun cika shi, sai na ga Inna ta tsaya cak a bakin ƙofa da ludayi a hannu. Na leƙa. Baffa ne ya fito daga ɗakinsa cikin babbar riga da 'yar ciki, wuyansa a buɗe. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa ganin zai fita waje haka ba. Wuyan siriri ne, fatar wurin ta fi ta fuskarsa haske, ta yi laushi ta tattare. Lokaci ɗaya ya zama tsoho. Yana tafiya hannunsa yana kai wa maƙogwaro yana dawowa. Bai dubi kowa ba, ya ce wa Inna, "A kai ruwan sha waje," ya fita. Na koma cikin ɗaki na kifa kai a cinyar ƙawata na yi kuka, su kuma suna ta tsokanata wai kukan amarci ne.

Da hantsi aka ce za a ɗaura. Hantsi ya yi. Ƙofar zauren tana da wata tsaga, na lallaɓa na je na sa ido, ƙafafuna da sauran lalle. Baffa yana zaune a tsakiyar tabarma, liman a gefensa, sai tsofaffi 'yan kaɗan, sa'o'insa. Sauran tabarmin babu kowa, akuya ce ma take taka ɗaya. Na ga maza suna wucewa ta bakin hanya cikin shigar biki, suna sauri, suna ɗaga hannu daga nesa ba sa tsayawa. Ashe tun bayan sallar asuba aka bi su ɗaya-ɗaya aka ce an mai da ɗaurin aure Kabo, ga mota can a tasha. Kowa ya ɗauka Baffa ya sani. Waɗanda suka gane bai sani ba kuma, babu mai ƙarfin halin da zai zama shi ya faɗa masa.

Rana ta ɗaga, inuwar katanga ta janye daga kansu. Baffa ya ce wataƙila mota ce ta lalace musu. Wani tsoho ya ce haka ne, motocin yanzu sai a hankali. Suka matsa cikin 'yar inuwar da ta rage. Baffa ya buɗe goron ya yayyafa masa ruwa ya sake rufewa.

Ana gab da kiran azahar babur ya tsaya. Yaya ne. Ya sauka, ya cire takalmi, ya zo ya durƙusa a bakin tabarma, kansa a ƙasa, ya ajiye ɗan ƙullin goro da alawa a gaban Baffa, irin wanda ake aika wa maƙwabcin da bai samu zuwa ba.

"Baffa, an ɗaura."

"An ɗaura me?"

"Auren. A Kabo, ƙofar gidan Alhaji. Ni na bayar."

Yaya ya ci gaba, da sauri, kamar mai biya hadda. Ya ce ya tambayi malamai, sun ce a littafi ɗan'uwa shaƙiƙi yana gaba da baffa wajen walicci, abin da muka saba al'ada ce kawai. Ya ce ya yi ne don kada a zo a watse a ƙofar gida, a ji kunya gaba ɗaya, auren ƙanwarsa ya lalace.

Baffa ya juya wurin liman. "Malam, haka ne?"

Liman ya daɗe yana jan carbi. "A littafi haka yake," in ji shi. "Aure ya ɗauru."

A nan ne Yaya ya ɗaga kai karon farko, idonsa ya sauka a wuyan Baffa. Na ga bakinsa ya buɗe. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta zube haka ba.

"Baffa... ai da na san za ka cire..."

"Da ka tambaye ni," in ji Baffa.

Ban san lokacin da na banko ƙofar zauren ba. Amarya ce ni, ba mayafi, a gaban liman da dattawa. Abin da na faɗa wa Yaya ba zan rubuta shi a nan ba. Na dai kira shi butulu, kuma wannan shi ne mafi sauƙi a ciki. Na ce a koma a warware, ban yarda ba, ba a tambaye ni ba. Inna da ƙawayena suka fito suka riƙe ni. Baffa bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Uwata, koma ciki. Mijin da kike so aka ba ki. Ba a warware abin da ya ɗauru don ran tsoho ya ɓaci." Ya ɗauki goro ɗaya daga ƙullin da Yaya ya kawo, ya ɓare, ya miƙa wa liman rabi, ya ce Allah ya sa albarka. Tsofaffin suka amsa da amin, kowa ya nemi takalminsa. Ina ji daga ciki Baffa yana naɗe tabarmin ɗaya bayan ɗaya. Yaya ya kama zai taya shi, ya ce ya bari.

Mijina ya rantse min daga baya cewa shi an ce masa Baffa ne ba shi da lafiya, ya wakilta Yaya. Na yarda da shi, don dole in yarda da wani abu in zan zauna a gidan. Alhaji kuwa har ya bar duniya gaisuwa ce kawai tsakanina da shi.

Bayan la'asar motocin ɗaukar amarya suka iso daga Kabo. Kafin a fita da yarinya daga gidansu, ana kai ta gaban wanda ya ba da ita, ta durƙusa, ya yi mata faɗa, ya ce ta yi haƙuri, ta riƙe sallah, ta bi mijinta, ya sa mata albarka, ya damƙa ta a hannun dangin miji. Aka lulluɓe ni, Inna ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Baffa, matan Kabo biyu suna biye da mu. Yana zaune a kan buzu, bai cire babbar rigar ba.

"Malam, ga ta," in ji Inna.

Na durƙusa na kama ƙafafunsa. Ina jin numfashinsa a saman kaina. Na san ya shirya abin da zai faɗa min, Inna ta ce ta sha jinsa yana maimaitawa shi kaɗai a zaure yana gyara wa kansa. Na jira. A waje direba yana ta danna hon.

"Malam, suna jira," Inna ta sake cewa.

"Ba ni na bayar ba," in ji shi a hankali. "Wanda ya bayar shi yake damƙawa."

"Baffa, don Allah," na ce. "Ni ban san kowa ba sai kai. Ka faɗa min ko kalma ɗaya ce."

Ya ɗora hannu a kaina, ta saman mayafi. Na ji ya ja numfashi zai fara, ya tsaya. Ya sake ja, ya sake tsayawa. Sannan ya janye hannun, ya yi magana ta saman kaina, da matan Kabo yake.

"Ku tafi da ita kada magariba ta same ku a hanya. Ku ce wa direban ya bi a hankali, akwai ramuka bayan gada."

Suka ɗaga ni. Wannan ita ce nasihar da na tafi gidan miji da ita.